Kangon Hamidu

Shekara shida da samun mulkin kai, Illiya ɗan marigayi Ya'u ya sauko daga kamiyon Yamai, babbar motar kaya, rungume da wani dogon gwangwani, ko jakar kayansa bai tsaya dubawa ba. A cikin gwangwanin akwai taswirar Agadas ta dā, wadda wani Bature soja ya zana shekara hamsin ba ɗaya da suka wuce. Ta ainihin tana can Yamai a kulle cikin akwatin ƙarfe. Amma da yake Illiya komi ne, wato akawu, a wani biro, ofishin gwamnati, ya yi ta bin mutane da lallami har aka buga masa irinta guda goma a kan wata shuɗiyar takarda mai warin fitsarin akuya. Wai ya kawo ne don kowane gida ya ga inda kakanninsa suka zauna, ya san asalinsa.

Gwaggonsa Baturiya ce ta fara toshe hanci. Shekarunta sittin, an haife ta a shekarar da Turawa suka kafa zango a garin, shi ya sa aka laƙaba mata sunan, kuma ba ta taɓa yafe wa sunan ba. Dukanci take yi a gidan ubanta Hamidu, inda ta dawo tun rasuwar mijinta, tana ɗinka matasan fata da jakunkuna, jikokinta mata biyu suna zaune a gabanta. Ta dubi takardar sau ɗaya, ta ce ita dai ta san hanyar ɗakinta tun kafin a haifi Illiya, ba ta bukatar Bature ya nuna mata.

Mutanen unguwa kuwa, wayyo. Kwana uku zauren gidan bai huta ba. Dattawa masu furfura, waɗanda aka yanke wa cibiya a cikin gidajen da suke kwana har yau, su ne suka zo suka durƙusa a kan tabarma suna roƙon yaro ya nuna musu gidajensu. Illiya ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a kan hasumiyar babban masallaci, ya ƙirga lunguna, ya tsaya a kan wani ɗan murabba'i da bai kai ƙwayar wake ba, ya ce ga shi nan. Sai ka ga mutum ya washe baki yana kabbara, sai ka ce an ba shi gidan ne yau. Baturiya tana jin su daga tsakar gida, tana huda fata da basilla tana tsaki. Ta ce wa jikokinta su duba da kyau, ga yadda mutum yake zama baƙo a garinsu da kuɗin guzurinsa.

Mutum ɗaya ne bai leƙo ba, Seydou magini, wanda katangarsa ke manne da tasu ta yamma. Kuma da ya leƙo, da ya ji abin da ya fi warin takardar. Fiye da shekara arba'in Baturiya ba ta amsa sallamar gidan nan ba. Ko damina ta zubar mata da yaɓe, gara ta aika har wata unguwa a kira mata magini da ta bar Seydou ya taɓa bangon ubanta. Laifinsa ɗaya, shi ɗan Bahago ne, Bahago kuwa shi ne ya riƙe wa Baturen nan sarƙar awo, ya bi shi lungu-lungu ana auna gidajen Musulmi. Bahago gurgu ne, yana jan ƙafar hagu, kuma tun tana budurwa Baturiya ta yi masa waƙa:

*Ja sarƙa, Bahago, ja,*
*ƙafa ta ƙi, ciki ya so.*

Ana yin ta ne ana ɗingishi. Bahago ya mutu da daɗewa, amma waƙar tana nan a bakin ƴan matan unguwa, don Baturiya ba ta bar ta ta mutu ba.

To, a shekarar ne aka ce za a fasa hanya ta cikin unguwar, don kamiyoyin da ke zuwa daga Damagaram su daina zagaye. Mutanen biro suka ce duk inda gida yake tun zamanin da, hanya za ta kauce masa. Inda kuwa kango ne ko fili aka zo daga baya aka gina, wannan ƙasar gwamnati ce, za a rushe, a ba mai shi wani fili can bayan gari inda ko inuwar ƙaya babu. Hanyar za ta bi ɗayan wuri biyu: ko ta kududdufin da ke bayan gidajen, wanda sai an sha wahalar cike shi, ko ta tsakiyar gidan Hamidu.

Illiya ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Bai shawarci kowa ba, ya naɗe taswira ɗaya ya kai biro da hannunsa, ya dawo yana taku ɗai-ɗai, ya ce wa gwaggonsa ta kwantar da hankalinta, ya gama magana.

"C'est un document, Gwaggo. Takarda ba ta ƙarya."

"Wanda ya rubuta ta fa?" in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

Ranar Talata da hantsi mai awo ya zo daga biro, wani saurayi siriri mai suna Lukumanu, mutumin kudu ne, da jan kiriyo, wato fensir, a maƙale a kunne. Yaro mai ladabi, ya cire takalmi ya gaishe ta da Inna. Ya shimfiɗa taswirar a zaure, ya danne kusurwoyinta da duwatsu, ya fita ya auna daga bakin lungu, ya dawo, ya sāke fita. Da ya dawo na biyu bai dubi Illiya ba. Ya ce murabba'in da Illiya ya nuna wa biro, ai gidan maƙwabci ne na yamma. Nasu shi ne na kusa da shi, wanda ba a ja masa layi ba, ɗige-ɗige kawai aka zagaye shi da su. A tsakiya Baturen ya rubuta kalma ɗaya da ƙananan baƙaƙe, ma'anarta kango.

Illiya ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kusanto da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa takardar. Mutumin da ya nuna wa rabin unguwa gidajen kakanninsu, ashe gidan da aka haifi ubansa bai gane ba. Da ya bar takardar a gwangwaninta, ba wanda zai taɓa cewa gidan Hamidu sabo ne, bangonsa kaɗai ya ishi mai ido. Shi ya ɗauki wuƙar ya kai musu, ya kuma nuna musu wuyan.

Baturiya kuwa dariya ta yi, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har da tafa cinya. Ta ce ƙwarai kuwa kango ne, haka ubanta ya so Bature ya gani, haka kuma ya gani. Ta gyara zama ta ba Lukumanu labarin da duk unguwa ta haddace.

A shekarar da soja suka mamaye garin bayan yaƙin Buzaye da Turawa, in ji ta, ana bin gidaje ana kwashe maza a kai su ɗaukar kaya, wanda ya tafi ba lalle ya dawo ba. Ubanta Hamidu, bafatake ne mai kawo gishiri da dabino daga Fachi, ya ga ba zai bar mata da jariri ya bi su ba. Sai ya toshe ƙofar gidan da tubali, ya yaɓe ta da tsohuwar ƙasar da ya kankaro daga bango don kada sabon yaɓe ya tona shi. Ya karya kan katangar zaure, ya zubo azara biyu ƙasa, ya watsa ƙaya da kashin awaki a gindin bango. Suka zauna a ciki su huɗu, shi da uwarta da ita mai shekara goma sha ɗaya da Ya'u yana goye, wata huɗu cur ba a hura wuta da rana. Ruwa da ɗan gero ta kan katanga ake zuro musu da igiya, wani Buzu aminin ubanta ne yake kawowa. Ranar da Baturen ya zo awo suna jin ƙarar sarƙa a bayan bango, ya dubi wurin ya wuce. Da ƙura ta lafa suka fasa sabuwar ƙofa ta kudu, ita ce wadda Lukumanu ya shigo ta cikinta. Ta ƙare da cewa duk garin nan ubanta kaɗai ya ci Bature da yaƙi ba tare da ya zare takobi ba, lokacin da wasu ke ja masa sarƙa don abin da za su sa a ciki. Wannan ta ɗaga murya ta faɗe shi, ta fuskanci yamma.

Lukumanu ya saurara har ƙarshe, ya ce labari ya yi daɗi, kuma shi a ransa ya yarda. Sai dai biro ba ta cin labari. Takardar da ɗansu ya kai ta ce kango, kuma ba abin da zai tayar da ita sai shaidar wani wanda ba jininsu ba, wanda ya san da idonsa akwai mutane a gidan a wannan shekara. Ya ba su zuwa Alhamis.

Suka zauna lissafin tsofaffi. Wannan ya rasu, wancan yana Ingal a lokacin, wancan ya gudu Kano da iyayensa bai dawo ba sai bayan shekara goma. Buzun ma Baturiya ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ko sunansa ba ta sani ba. Illiya ya yi ta murza hannu, daga bisani ya ce a hankali, ai Baba Seydou yana nan a shekarar, yana da shekara sha huɗu. Kallon da ta yi masa ya sa ya haɗiye sauran maganar. Ta ce gara kamiyo ya bi ta kan gadonta tana kwance da ta je ƙofar ɗan mai sarƙa da ƙoƙon roƙo.

Amma tsoro ya shige ta, wannan kam ba a ɓoye shi. A gidan nan uwarta ta cika, a nan aka wanke ubanta, kuma ta san in aka kai ta bayan gari ba za ta ga damina biyu ba. Ranar Laraba ba ta taɓa fata ba. Ta yini tana zagaya tsakar gida tana shafa bango, har dabara ta zo mata. Tun da shaidar mutum ta gagara, bango zai yi magana.

Alhamis da safe, gaban Lukumanu da duk wanda ya ga dama ya tsaya kallo, ta miƙa wa Illiya gatari ta nuna masa wuri a bangon gabas. Komi da gatari, abin tausayi. Ya sara sau uku hannunsa ya yi bororo, ta karɓe ta ci gaba da kanta, tana sara tana haki. Yaɓen ya zubo, tubalan suka bayyana a jere ba yadda aka gina sauran bangon ba, sannan ga azarar goriba a gicciye a sama, ga tsohon ƙyaure a tsaye a bayansu, gara ta ci gindinsa. Ta jefar da gatarin ta dubi Lukumanu.

Yaron ya shafa ƙyauren, ya sunkuyar da kai. Ya ce Inna ta yi haƙuri, ƙofa ta nuna an taɓa yin gida a nan, wannan ba wanda ya musa. Amma kango ma ai yana da ƙofa. Abin da ake nema shi ne wanda zai ce akwai mai numfashi a bayanta ranar da aka yi awon.

Ga bango a fashe, ga mutane sun zuba mata ido. A nan ne taron ya dāre, Seydou ya matso, da ƙasa a hannunsa don daga wurin aiki ƙarar gatarin ta taso shi. Bai yi mata sallama ba, ita ma ba ta sa rai ba. Ya dubi ramin da ta yi ya girgiza kai, irin na magini da ya ga aikin banza, sannan ya ce wa Lukumanu ya zaro kiriyonsa ya rubuta.

Ya ce sunansa Seydou ɗan Bahago, kuma ubansa ne ke riƙe da kan sarƙar ranar da aka auna bangon nan. Bahago bai nemi aikin ba, kama shi aka yi don ya san lunguna yana kuma jin ɗan Faransanci. Da suka iso nan, jariri ya yi kuka a ciki. Baturen ya tsaya, ya tambaya wane ne a gidan. Bahago ya ce ba kowa, kango ne, ɗan akuyarsa ne ke kuka a garke ta bayan katanga. Baturen bai yarda ba, ya sa gardi biyu, dogaransa, suka kwantar da shi a nan gindin bangon, suka yi ta dukansa da gindin bindiga yana cewa ɗan akuya ne, har ƙashin ƙafarsa ta hagu ya karye. Da Baturen ya ga haka ya ce mai ƙarya ba zai kai nan ba, ya rubuta abin da ya rubuta. Bayan wata guda aka zo aka tashe shi ya ƙarasa awon garin yana jan ƙafa.

"Ƙarya kake," in ji Baturiya. "Gurgu aka haife shi."

"Kin taɓa ganinsa yana ɗingishi kafin a toshe ƙofar nan?"

Abin da ta tuna shi ne ranar awon uwarta ta danna mata kai cikin zane ta toshe mata kunnuwa da tafin hannu, ta daɗe ba ta sake ta ba. Ita ta ɗauka don kada ta yi motsi ne.

Seydou ya ci gaba, har yanzu Lukumanu yake kallo. Ya ce ba wani Buzu. Uwarsa Fulera ce ke zura salka da gero ta kan katangar garken awaki, da igiyar kaba da ta tufka da hannunta. Igiyar ta taɓa tsinkewa, ta ɗaure wurin da jan ƙyalle da ta yago daga ɗankwalinta.

Wannan jan ƙyallen Baturiya ba ta taɓa faɗa wa kowa shi ba, ko sau ɗaya cikin dubun da ta ba da labarin. Ita ce ke tsayawa a gindin katanga tana jiran ya leƙo, in ta gan shi ta san salka ta kusa isowa hannunta. Kuma katangar ta yamma ce, ta san haka tun ranar farko. Yarinya mai shekara sha ɗaya ba ta tambayar ta ina Buzu ke shiga garken maƙwabci. Mai shekara sittin kuwa ba ta so ta tambaya ba ne kawai. Ta zauna a kan tarin tubalan da ta fasa.

Illiya ne ya yi ƙarfin halin tambaya, me ya sa ba a taɓa faɗa ba. Seydou ya dube shi daga tabarau har takalmi. Ya ce da fari in an faɗa, da Bahago da Hamidu duka za a rataye. Daga baya kuma Hamidu ya riga ya fara ba da labarin a kasuwa ba da sunan kowa a ciki sai nasa, mutane suna yi masa jinjina, Bahago ya ce a bar shi, ba a yi don a faɗa ba. Ya hana su buɗe baki har ya mutu, yana jin waƙar ta kan katanga.

Lukumanu ya gama rubutu, ya karanta masa, Seydou ya dangwala babban yatsa. Sannan yaron ya durƙusa kan taswirar, ya ja jan layi ta cikin kududdufi, ya ce da wannan shaida ba mai taɓa gidan Hamidu, sai dai a sha wahalar cike rami. Mutane suka fara barka da arziki. Illiya har ya soma cewa ai dama ya san document ɗin zai yi amfani, amma ba wanda ya juya wajensa.

Baturiya ta yunƙura ta miƙe. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta san tana da wurin zama a jikinta ba. Ta kira sunansa, karo na farko cikin shekara arba'in da wani abu, ta ce Seydou.

"Ba don ke na fito ba," in ji shi. "Na ƙi ne a ce ƙafar ubana ta karye a banza. Ki nemi maginin naki na wata unguwa ya rufe miki ramin nan kafin ruwa ya sauka."

Ya juya ya nufi gida, taku goma sha biyu ne tsakanin ƙofofin. Ƴan matan unguwa suna bakin lungu, ba su ji abin da aka faɗa ba, sun dai ga ɗan Bahago ya fito daga cikin taro, abin da ba a saba gani ba. Babbar jikar Baturiya ce ta fara karkata kafaɗa tana jan ƙafar hagu, sauran suka bi bayanta suna tafi, ja sarƙa Bahago ja, ƙafa ta ƙi ciki ya so.

Baturiya ta buɗe baki za ta daka musu tsawa. Kafin murya ta fito, ƙaramar jikar, Rabi, ta waiwayo tana dariya, ƙafarta a karkace.

"Kaka, duba! Na iya yadda kika koya mini?"

Seydou bai waiwayo ba. Ya shiga gidansa ya rufe ƙofa.